Tuƙa Jirgi a Kogin Ivindo na Gabon: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda duk ya ga hoton matsirgar Kongou, baƙin ruwa yana zubowa ta tsakanin bishiyoyi yana komawa fari fat, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: yanzu nan ma ana shiga da jirgi? Kogin ana shigarsa, amma nan ɗin ba a shiga. Ga sauran tambayoyin da mutane suka fi yi.

Ina ne Ivindo, kuma me ya sa ake yawan maganarsa?

Kogi ne a arewa maso gabashin Gabon. Ruwansa na tasowa daga dazuzzukan da ke kan iyakar Gabon da Kamaru da Kongo Barazabil, ya wuce ta garin Makokou, babban birnin lardin Ogooué-Ivindo, sannan ya gangara kudu maso yamma ya faɗa cikin kogin Ogooué gabas da garin Booué. Shi kuma Ogooué ya kai ruwan tekun Atlantika kusa da Port-Gentil.

Sama da Makokou kogin a kwance yake, kwalekwale na kai da kawo da mutane da kaya. Ƙasa da garin ne labari ke canzawa, don a nan ƙasar take gangarowa daga tudu, ruwan ya riƙa saukowa hawa-hawa: matsirgar Kongou, sai Mingouli, sai Tsengué-Lélédi kafin a kai Ogooué, ga kuma wuraren tsananin gudu birjik a tsakaninsu. Duk wannan yanki yana cikin gandun dajin Ivindo, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,000, ɗaya daga cikin ganduna 13 da Shugaba Omar Bongo ya kafa a 2002. Abin da ya taimaka wajen jawo hankalinsa shi ne tattakin da wani Ba'amurke masanin daji, Michael Fay, ya yi daga arewacin Kongo zuwa gaɓar tekun Gabon tsakanin 1999 da 2000, tafiyar sama da kilomita 3,000 a ƙafa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Da gaske ruwan baƙi ne? Datti ne?

Ba datti ba ne. Ganyaye da itatuwan da ke ruɓewa a fadamun kurmin ne suke rina shi, kamar yadda bagaruwa ke rina ruwan jima. Ka ɗebo a kofi, sai ka ga kalar shayi marar madara. A cikin kogi kuwa, inda yake da zurfi, baƙi ne wuluk, yana ɗaukar hoton sama da bishiyoyi kamar madubi. Kyau kam akwai, sai dai ga matuƙi matsala ce, don ba ka ganin dutsen da ke ƙarƙashinka sai ka hau kansa. Sha kuwa, a tafasa ko a tace tukuna.

Me ake nufi da farin ruwa, kuma mene ne waɗannan matakai da ake faɗa?

Idan ruwa ya yi gudu a kan gangara ya bugi duwatsu, iska na shiga cikinsa ya yi kumfa, shi ne farin ruwa. Masu wannan wasa sun kasa shi mataki shida. Na ɗaya ruwa ne mai ɗan motsi wanda yaro ma zai wuce. Na uku yana da igiyoyi masu iya cika jirgi, sai an san abin da ake yi. Na huɗu da na biyar na ƙwararru ne, kuskure ɗaya na iya zama rauni ko rai. Na shida kuwa shi ne wanda mai hankali ke kallo daga baki.

Amma kada ka riƙe lambar nan kamar aya. Wurin da yake mataki na uku a watan Agusta zai iya zama na biyar a Nuwamba idan ruwa ya cika. Sannan mataki na uku a gefen titi, inda motar asibiti za ta iso cikin rabin sa'a, ba ɗaya yake da mataki na uku a tsakiyar kurmin Ivindo ba, inda wanda ya karye sai an yi kwanaki ana fito da shi. Ƙa'idar masu tafiya irin wannan ita ce, a daji mai nisa ka ƙara wa kowane wuri mataki guda a ranka.

Da wane irin jirgi ake shiga?

Mutanen bakin kogin, Kota da Makina da Fang da sauransu, kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya suke amfani da shi, dogo siriri, da filafili da gwangwala, wasu da inji a baya. Da shi ake kai baƙi Kongou daga wajen Makokou, tafiyar 'yan sa'o'i gwargwadon ruwa. Inda ruwa ya yi ƙasa sai a sauka a ja shi da hannu a kan duwatsu.

Masu son gangara kogin har ƙasa kuwa kayak suke kawowa, wato ƙaramin jirgin roba mai tauri na mutum ɗaya, wanda ake zama ciki a rufe bakinsa da wani siket na roba a ƙugu don kada ruwa ya shiga. Filafilinsa baki biyu ne. Wasu kuma suna zuwa da jirgin hurawa, saboda ana iya sace iskarsa a naɗe a ɗauka a baya. A wannan kogi, nauyin jirgi a kafaɗa ya fi saurinsa a ruwa muhimmanci.

To ana gangara matsirgar Kongou da jirgi?

A'a. Tsayinta ya kai mita 56 a inda ta fi tsawo, kusan ninki biyu na matsirgar Gurara ke nan ga wanda ya san ta. Kuma ba zubowa ɗaya ba ce. Kafin a kai bakinta kogin yana rarrabuwa rassa-rassa a tsakanin tsibirai masu duhun itace, a faɗin da ya kai wajen kilomita 3, kowane reshe da inda yake faɗawa. Haɗarin ke nan. Kana iya shiga wani ɗan reshe mai sanyi, rassan bishiya suna shafar kanka, tsuntsaye na kuka, ka sha kwana ɗaya kawai ka tarar ruwan ya ƙare a gabanka.

Alamar da ake koya wa kowa ita ce, idan ka hangi ruwa ya yanke a miƙe kamar an ja layi, ba ka ganin abin da ke bayansa sai kan bishiyoyi ko wani farin tururi yana tashi, to ka nemi gaɓa nan take. Kada ka ce bari in ɗan ƙara matsawa in leƙa. Ƙarar ruwan ma ba abin dogaro ba ce, don kurmi na shanye sauti, wani lokaci kuma iska na kai shi gaba.

Da an fita gaɓa sai aikin gaske ya fara, wato ɗaukar jirgi da kaya a zagaye matsirgar ta ƙasa. Wanda bai taɓa yi ba yana ɗauka ɗan tattaki ne. Kurmi ne mai sarƙaƙiya, sai an sa adda. Ƙasa jiƙe take, duwatsu da gansakuka suna santsi kamar an shafa musu kuɓewa, ga gangara wadda sai an zura jirgi da igiya. Ana iya share wuni guda a kan tazarar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, a yi sawu uku ko huɗu. Abin da kan sauƙaƙa shi ne turbar giwaye, don sun daɗe suna bin bakin kogin sun buɗe hanyoyi. Sai dai fa mai hanyar yana nan, bai yi ƙaura ba.

A ganina wannan shi ne ainihin gwanintar Ivindo. Hotunan da ake yaɗawa na masu faɗawa cikin kumfa ne, amma waɗanda suke komawa gida su ba da labari su ne waɗanda ba sa jin kunyar cewa wannan ya fi ƙarfina, su saɓa jirgi a kafaɗa.

Na iya iyo sosai, tun ina yaro nake ninƙaya a gulbi. Sai na sa rigar ruwa?

Sai ka sa, har da hular kwano. Iyon da ka iya na ruwa ne mai riƙe mutum. Farin ruwa kusan iska ne gauraye da ruwa, ba ya ɗaga jiki kamar yadda ka saba, sai ka yi ta bugu kana nitsewa. Ga kuma nauyi: ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa tan guda ne, kogi kuwa yana turo irin wannan da yawa a kowace daƙiƙa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ba kuma sa'an ƙwanji ba.

Abubuwa uku ne suka fi kashe mutane a irin wannan ruwa, kuma babu wanda iyo ke magani. Akwai ramin ruwa, wanda ke samuwa a ƙasan dutse ko ɗan tudu inda ruwan da ya zubo yake naɗowa baya, ya riƙe mutum yana jujjuya shi a wuri ɗaya. Akwai bishiyar da ta faɗi ta tare hanya, wadda a kogin kurmi ita ce babbar annoba: ruwa na wucewa ta tsakanin rassanta kamar ta rariya, mutum kuwa ba ya wucewa, sai ruwan ya manna shi a jiki. Na ukun shi ne wanda ya fi yaudara, wato maƙalewar ƙafa. Mutum ya faɗa ruwan da bai wuce ƙugu ba, ya yunƙura zai tsaya, ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu, ruwa ya tura shi ya kifa da fuska. A ruwan da bai kai ƙirji ba sai a rasa shi.

Rigar kuma a ɗaure ta tamau. Wadda aka rataya sakaka za ta fice ta kai tun a igiyar farko.

Idan jirgi ya kife fa?

Mai kayak da ya ƙware yana juyo da jirginsa da bugun filafili da murɗa ƙugu ba tare da ya fita ba, kuma wanda bai iya wannan a cikin ruwa mai gudu ba bai kamata ya yi tunanin gangara Ivindo ba. Idan dai an fita, sai a kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama, a riƙa tokare duwatsu da tafin ƙafa. Kada a tsaya sai ruwa ya dawo ƙasa da gwiwa. A kauce wa shiga tsakanin jirgi da dutse. Idan aka ga lungun da ruwa ya lafa a bayan wani dutse, sai a juya a yi iyo da ƙarfi a shige shi. Abokan tafiya za su jefo igiya daga gaɓa. A kama ta a ƙirji, kada a naɗa a hannu ko a wuya. Shi ya sa ba a gangara wuri mai wuya gaba ɗaya, sai ɗaya bayan ɗaya, wani na tsaye da igiya a ƙasa.

Kada fa? Giwa? Goggon biri?

Duk suna nan. Ivindo na daga cikin mafakar wani kada mai siririn baki wanda ya kusa ƙarewa a duniya, abincinsa yawanci kifi ne kuma gudun mutane yake. Wannan ba lasisin sakaci ba ne. Masu tuƙi a kogunan Afirka ba su manta da Hendri Coetzee ba, ɗan Afirka ta Kudu wanda ya yi suna wajen gangara kogin Nilu, wani kada ya fizge shi daga cikin kayak ɗinsa a kogin Lukuga na Kongo Kinshasa a Disambar 2010. A ruwa mai kwanciya a tafi a dunƙule, kada a zura hannu ko ƙafa, kada a yi wanka da magariba.

Giwar kurmi ta fi ta sarari ƙanƙanta, amma a duhun daji ba ka ganinta sai kun yi kusa, kuma uwa mai ɗa ba ta da wasa. Kada a kafa tanti a kan turbarta, komai kyawun wurin. Goggon biri da ɓauna da damisa kuwa galibi sawunsu za ka gani. Mai son ganin dabbobi ido da ido sai ya nufi Langoué, wani fili mai gishirin ƙasa a kudancin gandun inda giwaye da goggon birai ke fitowa, amma wannan tafiya ce daban, ta ƙafa.

Wani abin mamaki na ƙarƙashin ruwan: akwai ƙananan kifaye masu fitar da lantarki, ba mai zafi irin na minjirya ba, ɗan kaɗan ne wanda suke gane hanya da juna da shi a cikin duhu. Masana sun yi shekaru suna nazarinsu a tashar bincike ta Ipassa kusa da Makokou.

To me ya fi wahalar da matafiyi?

Ƙananan halittu. Sauro da zazzaɓinsa, don haka a sha maganin rigakafi a kwana cikin gidan sauro. Ƙudan tsando da ke bin jirgi da rana. Wani ƙuda mai cizo da ke sa tsutsar da kan ratsa farin ido, cutar da ta yawaita a kurmin Gabon. Ƙananan ƙudan zuma marasa harbi da ke cika ido da hanci suna neman gumi. Kwarkwasa, wadda idan rundunarta ta biyo ta sansani cikin dare sai dai a bar mata wurin. Akwai kuma wata irin kasa mai zanen busasshen ganye, wadda Turawa suka raɗa wa sunan Gabon, haƙoranta na kai santimita 5. Ba ta da faɗa, amma ba ta matsawa, don haka a duba inda ake taka ƙafa.

Sai jiƙa. Kwana da kwanaki ƙafa na cikin ruwa, tsakanin yatsu ya fara ci, ɗan ƙwarzane ya zama gyambo. Kaya ɗaya busasshe a cikin jakar da ruwa ba ya shiga, wanda ba a sawa sai da dare, ya fi kayan ƙawa goma amfani.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Babban rani, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Ruwa na raguwa, duwatsu na fitowa, ana samun wurin tsayawa da wurin kwana. Akwai ɗan gajeren rani kuma wajen Disamba da Janairu. Oktoba da Nuwamba ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. Matsirgar ta fi ban sha'awa a lokacin, kogin kuma ya fi haɗari, don yana shiga cikin bishiyoyi gaɓa ta ɓace.

Yaya ake zuwa, kuma wace takarda ake buƙata?

Daga Libarabil zuwa Makokou kimanin kilomita 600 ne a mota, hanyar kuma ba duka ke da kwalta mai kyau ba. Ko a hau jirgin ƙasa daga Owendo, wanda ke zuwa Franceville, a sauka Booué a ƙarasa da mota. Gabon ba ta cikin ECOWAS, saboda haka ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ɗan Gana sai da biza. Katin allurar shawara dole ne. Kuɗinsu sefa ce, amma ta Afirka ta Tsakiya irin ta Kamaru da Chadi, ba ta Nijar ba, ko da yake darajarsu ɗaya. Harshen hukuma Faransanci ne. Shiga gandun sai da izinin hukumar kula da gandunan ƙasar, ANPN. Da an bar Makokou a manta da sabis ɗin waya. Masu tafiya mai nisa wayar tauraron ɗan'adam suke riƙewa.

Ba zan iya tafiya ni kaɗai da taswira a waya ba?

Da ɗan gari akan ci gari. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna maka kan bishiyoyi ne, ba ya nuna reshen da ke ƙarƙashinsu, balle itacen da ya faɗi makon jiya. Masuntan ƙauyukan da ke ƙasa da Makokou sun san wane reshe ake bi a wane wata, da dutsen da idan ya nitse ba a wucewa. A biya su haƙƙinsu yadda ya kamata, kuma idan matuƙi ya ce yau ba a tafiya, kada a tsaya ciniki. Baƙi ba yau suka fara raina kogin nan ba: a 1874 wasu Faransawa biyu, Marche da Compiègne, sun hauro Ogooué har bakin Ivindo, mutanen wurin suka tare su, dole suka juya.

Salla da abinci fa?

Matafiyi ne kai, kana da rangwamen ƙasaru. Ruwan alwala kam ba a magana, sai dai a ɗebo da bokiti a koma nesa da baki. A riƙe kamfas don alƙibla, saboda a ƙarƙashin waɗannan bishiyoyi, ga gajimaren rani, sai a wuni ba a ga rana ba. Abinci shi ne kifi, rogo da ayaba, da abin da ka ƙullo na shinkafa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Hausawa sun daɗe da zama a garuruwan arewacin Gabon irin su Oyem da Bitam, kuma a manyan garuruwa ba a rasa masallaci da mahauci Musulmi.

Naman daji kuwa a bar shi. Farauta haramun ce a gandun, sannan a 1996 cutar Ebola ta ɓarke a ƙauyen Mayibout da ke bakin wannan kogi sama da Makokou, bayan da mutane suka feɗe mushen wani biri da suka tsinta a daji.

Ban taɓa riƙe filafili ba. Daga ina zan fara?

Ba daga Ivindo ba, sai dai idan zuwa kallon Kongou ne a kwalekwalen 'yan gari, wanda duk mai lafiya zai iya. Koyon farin ruwa sai inda akwai malamai da masu ceto. A Afirka wurin da ya fi suna shi ne Jinja a Uganda, inda Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, sai kuma Zambezi a ƙasan matsirgar Biktoriya, ko da yake wannan ya yi wa ɗan koyo girma. A ba abin shekaru, ba makonni ba.

Na ji an ce za a yi dam a Kongou. Gaskiya ne?

An so a yi. Arewa maso gabas da Makokou akwai duwatsun Belinga, masu ɗimbin tama. Gwamnatin Omar Bongo ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Sin don haƙar ta, kuma lantarkin aikin daga Kongou aka shirya samowa. A 2007 har an fara sare hanya cikin gandun zuwa matsirgar. Wanda ya fi tsayawa kai da fata a kan lamarin shi ne Marc Ona Essangui, shugaban ƙungiyar kare muhalli ta Brainforest a lokacin, mutumin da shan inna ta sa yake tafiya a keken guragu. Ya fallasa sharuɗɗan yarjejeniyar, an tsare shi a ƙarshen 2008, a 2009 kuma aka ba shi kyautar Goldman ta kare muhalli. Ba a gina dam ɗin ba, daga baya ma gwamnati ta karɓe Belinga daga hannun kamfanin.

Maganar ba mai sauƙi ba ce, don mutanen Makokou ma suna son wuta da aikin yi, kuma wanda ya zo yawon mako biyu ba shi ne zai gaya musu su zauna a duhu ba. Amma abin da dam ya haɗiye ba ya dawowa. Gangarar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. A Jinja, dam ɗin Bujagali ya shafe matsirgar da ke da wannan suna a ƙarshen 2011, na Isimba kuma, wanda aka buɗe a 2019, ya cinye wasu wuraren. Shigar Ivindo jerin UNESCO ta ƙara wa Kongou kariya, sai dai tamar Belinga na nan inda take, kuma a 2023 kamfanin Fortescue na Ostireliya ya fara fitar da ita.